Yadda ake gina hoto da bigire da yanayi a waƙa da labari

Na daɗe ina zama da matasanmu a nan Gadarif bayan la'asar, muna duba abin da suka rubuta da Hausa, waƙa ko labari. Abin da na fi cin karo da shi guda ne. Yaro haifaffen garin nan, kakansa ne ya taso daga Haɗeja a ƙasa da niyyar hajji ya yada zango a Sudan, shi kuwa ko hanyar Kano bai sani ba, amma sai ka tarar labarinsa a wani katafaren gida yake a Kano, da falo uku da motoci a jere. A littattafan da ke yawo a WhatsApp ya gani, ya kwaso. Angarib ɗin da yake zaune a kai yana rubutun, da rakubar da ke yi masa inuwa, da ƙamshin kisra daga gidan maƙwabta, ko ɗaya bai shiga takardar ba. Abin yana damuna, domin rayuwar Bahaushen Sudan ba ta da masu rubuta ta da yawa, kuma in mu ba mu yi ba, ban ga wanda zai yi mana ba.

Kalmomi uku kawai nake so ka riƙe. Hoto shi ne duk abin da ido ko kunne ko hanci ko harshe ko fata za su iya kamawa a cikin rubutu. Bigire shi ne wurin da abu ya faru da lokacin da ya faru. Yanayi kuwa shi ne abin da ke sauka a zuciyar mai karatu, fargaba ko kewa ko nishaɗi. Biyun farko kai kake ɗora su da hannunka. Na ukun tasowa yake daga gare su, kamar yadda hayaƙi ke tasowa in an haɗa itace da wuta.

Kayan aiki

Ƙaramin littafi da zai shiga aljihun jallabiya, da fensir. Na fi son fensir, saboda biro yakan yi amai a aljihu in zafin Afrilu ya kankama. Waya mai ɗaukar murya tana da amfani, amma kada ka dogara da ita kaɗai, wuta ba ta da tabbas. In za ka buga a waya, saka allon rubutun Hausa na Gboard don ka samu ƙ da ɗ da ɓ, domin kafa daban, ƙafa daban. In ba ka saba da boko ba, kamar yawancinmu da muka yi makaranta da Larabci, rubuta da ajami, ko ka faɗa da baki ka naɗa, daga baya wani ya taya ka juyawa. Sai dattijo ko dattijuwa guda mai tsohuwar Hausa a baki, wadda za ka riƙa tambaya sunayen abubuwa. Sai mutum ɗaya mai faɗa maka gaskiya, wanda zai saurari abin da ka gama.

Mataki na 1: Zaɓi ƙaramin wuri, ka tsayar da lokaci

Kada ka ce labarinka a Sudan yake, ko a Kasala. Ya yi faɗi. Ka ce gindin darbejiyar da ke bakin tasha, inda mai shayi ke zama. Ka ce bakin kogin Gash na Kasala a watan Agusta da ruwa ya zo, ko Gash ɗin a watan Maris da ya koma rairayi yara na buga ƙwallo a cikinsa. Kogi ɗaya ne, amma bigire biyu ne. Bayan wuri, amsa tambaya uku a saman takarda: wane lokaci na shekara, wane lokaci na yini, wace shekara. Mu da agogonmu salla ce, hantsi da azahar da sakaliya da almuru sun fi ƙarfe kaza aiki a rubutu, don kowannensu da haskensa yake zuwa.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne cakuɗa lokuta. Wani ɗalibina ya sa ana yankan riɗi a gona, a shafi na gaba kuma mutane na kukan zafin bazara suna jiran ruwan farko. Duk wanda ya taɓa aikin gona a yankin nan ya san riɗi a wajen Oktoba ake yanka shi, bayan damina ta ja baya. Manomi ɗaya ya kama ka da irin wannan, ya daina yarda da sauran labarin.

Mataki na 2: Je wurin ka zauna

Wannan matakin shi ne mafi nauyi, kuma shi aka fi tsallakewa. Ka je da ƙafarka, ka zauna kamar rabin sa'a, ba ka rubuta jimla ko ɗaya ba, sai tara abubuwa kawai. Ka raba shafi biyar: gani, ji, ƙamshi da wari, ɗanɗano, taɓi. Za ka ga shafin gani ya cika nan da nan, sauran huɗun suna nan wayam. To su ne aikin. Rufe ido na ɗan lokaci, kunne da hanci za su farka.

Ga abin da na taɓa tarawa a wurin wata mai shayi kusa da tasha. Ƙaran turmin ƙarfe da take daka gahawa, bugu biyu a ciki, ɗaya a gefe. Citta da ta yi yawa har tana kama maƙogwaro. Ɗan ƙullin zare da ta cusa a bakin jabana, butar gahawa, don ya tare tsaki. Turaren wuta a kan garwashi, wanda hayaƙin raksha, babur mai ƙafa uku, ke dannewa in ta wuce, sannan ya dawo. Bambar, 'yar kujerar zama, mai ƙafa ɗaya gajeriya, an tokare ta da murfin kwalba. Kwalaben kayan shayi a jere, na na'ana'a ya kusa ƙarewa. Tabon ƙuna a bayan hannunta na dama. Yaron mota yana kiran Kasala, Kasala, muryarsa ta dishe. Zafin finjali a yatsu. Ƙuda guda da ya nace wa bakin gwangwanin sukari.

Ka lura ban rubuta "wurin yana da kyau" ko "wurin ya cika da hayaniya" ba. Waɗannan hukunci ne, ba abin da aka gani ba. Kuma kowane abu ka nemi sunansa na ainihi. "Itace" ba ya nuna komai, darbejiya tana nunawa, aduwa tana nuna wani abu dabam. In sunan ya ɓace maka da Hausa, nan ne dattijuwar nan take shigowa. Sau da yawa nakan je wurin gwaggona in ce, Gwaggo, wannan abin da ake rataya ƙwarya a kai fa? Ta ce ragaya, ta kuma ƙara mini da labarin da ban tambaya ba, wanda wani lokaci ya fi sunan amfani.

In wurin ba ya zuwuwa, saboda nisa ko saboda halin da ƙasa ke ciki, zauna ka zana taswirarsa daga ƙwaƙwalwa: ina ƙofa take kallo, ina randa, ina inuwa ke faɗawa da azahar. Hannu yana tuna abin da kai ka manta.

Mataki na 3: Da idon wa ake kallo, kuma me ke cin sa?

Wuri ba ya ganin kansa. Kafin ka rubuta, ka san wanda ke tsaye a wurin da abin da ke ransa. Ka rubuta yanayin da kake nufi da kalma ɗaya a gefen takarda, misali fargaba. Wannan kalmar taka ce kai kaɗai, ba za ta shiga cikin rubutun ba.

Mataki na 4: Tace

Daga abubuwa ashirin da ka tara, uku za ka ɗauka, in sun yi yawa huɗu. Ka ɗauki waɗanda mutumin nan zai lura da su a halin da yake ciki. Duba wurin mai shayin nan sau biyu.

Na farko, saurayi yana jiran yayansa da zai dawo daga Bur Sudan bayan shekara uku:

"Ya karɓi finjalin bai jira ya huce ba. Cittar ta kama masa maƙogwaro, ya yi tari yana dariya. Turmin Hajiya yana bugu biyu a ciki, ɗaya a gefe, sai ya tsinci ƙafarsa tana bin kiɗan. Duk motar da ta kunno kai sai ya miƙe."

Na biyu, magidanci ne da ya gama yankan riɗi, mai gona ya ce ya dawo jibi, yau jibi na uku ke nan:

"Bambar ɗin tana rangaji, ya gyara murfin kwalbar da aka tokare ta da shi, ta ci gaba da rangaji. Ƙuda ya sauka a bakin gwangwanin sukari. Ya zuba masa ido. Hajiya ta miƙo finjali, ya ce ya sha a gida, ta ajiye a gabansa ba ta ce komai ba."

Wuri ɗaya, mace ɗaya, jabana ɗaya. Ban ce wannan yana murna wancan yana cikin ƙunci ba, amma ka ji. Na biyun ma ya gaya maka aljihunsa babu ko sisi, ya gaya maka irin mutuncin Hajiya, duk a cikin finjali guda. Ka yi wannan gwajin da kowane wuri ka tara, sau biyu, da yanayi biyu masu karo da juna. Ban san wani atisaye da ya fi shi koyar da hannu ba.

Sauran abubuwan da ba ka ɗauka ba kada ka ji asararsu. Suna nan a littafi, wani labarin zai nema.

Mataki na 5: Adon harshe, da hannu mai sauƙi

Masana adabin Hausa a jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato sun ba waɗannan dabaru sunaye. Kamance shi ne ka ce abu kamar kaza yake, da kalmomi irin su kamar, tamkar, sai ka ce, ya fi. Siffantawa ita ce ka ce abu kaza ne kai tsaye, ba kamar. Mutuntarwa ita ce ka ba abin da ba mutum ba halin mutum. Alamtarwa kuwa abu ne ya tsaya a madadin wani, kamar fitila a madadin ilimi. Sanin sunayen ba shi ne gwaninta ba, amma yana taimaka maka ka gane abin da hannunka ke yi.

Dokata ɗaya ce: abin da za ka kamanta da shi ya fito daga duniyar mutumin da ke cikin labarin. Fuska kamar wata daren sha huɗu, haƙora kamar ƙanƙara, hanci kamar biro, waɗannan an sha su har sun salance. Ɗan Gadarif yana da abin da ya fi su. Ya san baƙar lakar nan da ke manne wa takalmi da damina har ƙafa ta yi nauyi, wadda da rani take dararrashewa har hannu ya shige. To ga bashi: "Bashin ya manne masa kamar lakar damina, kowane taku sai ya ƙara nauyi." Ya san riɗi in ya nuna ba ya jira, kwansonsa fashewa yake ya zubar. To ga mace da aka kai bango: "Haƙurinta ya nuna kamar riɗi, taɓawa kaɗan ya rage." Wanda ya tashi a garin Mai Wurno yana da kogi, yadda yake yin ja ya kumbura a watan Agusta. Ɗan Kasala yana da duwatsun Taka da Totil a kansa kullum.

Kamance ɗaya mai kyau a shafi ya isa. In ka jera uku a jimla guda, kashe juna suke yi.

Akwai kuma wata dukiya da Hausa ke da ita, amsa-kama: ja wur, fari fat, baƙi ƙirin, shiru tsit, zaune jugum, cike tinjim, zafi zau. Kalma ɗaya tana yin aikin layi biyu. "Gabas ta yi ja wur" ya isa duk wanda ya taɓa ganin habub, guguwar ƙurar nan, ya tashi ya kife kwanoni. Matasanmu da Larabci ya fi zama a bakinsu sun fara sakin waɗannan kalmomi, kuma ina roƙonka ka kasa kunne ga tsofaffi ka tsince su. Amma su ma kamar barkono suke.

Hattara da sa sama ta riƙa yin abin da zuciya ke yi. Ba dole ba ne hadari ya haɗu duk ranar da aka yi mutuwa. Rasuwa ranar da gari ya yi garau, yaran maƙwabta na wasa a waje, ta fi ciwo.

Mataki na 6: Saurin jimla da jinkirinta

A rubutun zube, wato labari, tsayin jimla ma yanayi ne. In kana son gaggawa, gajarta, ka jera aiki da "sai" da "ya": ya miƙe, ya fizgi yaron, sai ƙofa. In kana son jira ko kewa, koma ga "yana" da "tana", ka bar jimlar ta miƙe: rana tana sauka, inuwar rakuba tana jan jiki zuwa bakin randa, ita tana nan inda take. Kuma kada ka tsayar da labari cak don ka zuba bayanin ɗaki na shafi guda. Ka sa mutum ya yi amfani da wurin. Maimakon ka ce akwai randa a tsakar gida, sa shi ya ɗebi ruwa ya tarar ya yi ɗumi.

Mataki na 7: In waƙa ce

Waƙa ba ta da fili irin na labari, saboda haka kowane baiti hoto ɗaya zai ɗauka. Ga irin abin da ake yawan kawo mini:

Ina cikin baƙin ciki da damuwa,
Zuciyata ta cika da kewa.

Amsa-amo ya zauna, kuma na yarda mai waƙar da gaske yake. Amma ba abin da na gani, don haka ba abin da na ji. Muka zauna da mai irin wannan baiti, na tambaye shi wa ya rasa, ya ce kakarsa. Na ce me ke nan a gidan har yanzu wanda nata ne? Daga amsoshinsa muka fitar da wannan ƙwar biyu, wato waƙa mai layi biyu a kowane baiti:

Angarib ɗinki na nan a rakuba,
Igiyarsa ta saki, ban ɗaure ba.

Randarki ta bushe har ta yi fari,
Moɗar tana rataye, ban taɓa ba.

Kaza ta yi ƙwai a cikin murhunki,
Yau kwana arba'in ba a hura ba.

Babu kalmar mutuwa, babu kewa. Kwana arba'in ya faɗa wa kowane Bahaushe abin da ya faru. Ka duba kuma amsa-amon "ba": kowane baiti yana ƙarewa da abin da ba a yi ba, shi kansa sautin yana ɗauke da rashi. Saboda haka ka zaɓi harafin amsa-amo bayan ka san yanayin, kada ka fara da shi. Babban kuskure shi ne amsa-amo ya ja ka zuwa hoton da ba na wurin ba, ka kawo teku a Gadarif don kawai kalmar ta dace. In haka ta faru, sauya ɗangon gaba ɗaya.

Batun kari, wato ma'aunin waƙa, in ba ka karanci iliminsa na aruli ba kada ya hana ka. Ɗauki muryar wata waƙar makarantar allo ko ta bege da ka haddace, ka rera baitinka a kanta. Inda harshenka ya yi tuntuɓe, nan gaɓa ta yi yawa ko ta gaza.

Mataki na 8: Kalmomin Larabci

Hausarmu ta nan ta sha Larabci, kuma ba abin kunya ba ne. Angarib, rakuba, kisra, jabana, tob, habub, su ne ƙamshin wurin. Ka bar su. Abin da za ka yi wa mai karatu na Katsina ko Maraɗi shi ne ka sa aiki ya fassara kalmar: "ta ja angarib ɗin zuwa inuwa ta kwanta" ya gaya masa gado ne. Amma inda Hausa ke da kalmarta mai rai, kuma mai ba da labari ne ke magana, yi amfani da ita. A bakin taurari kuwa, wato mutanen cikin labarin, bar su su yi magana yadda suke yi a kasuwa.

Mataki na 9: Zamanin da ba ka gani ba, da wanda ya yi maka zafi

Da yawa suna son rubuta tafiyar kakanni: waɗanda suka yiwo gabas bayan yaƙin Burmi na 1903 inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya kafa garin da ke ɗauke da sunansa a bakin kogi kusa da Sinnar, ko alhazan da suka tsaya cirar auduga a Jazira bayan an gama madatsar Sinnar a 1925, suna tara guzurin jirgin Sawakin zuwa Jidda. A nan ba ka da wurin zuwa ka zauna, sai bakin tsofaffi. Kada ka tambaye su yaya tafiyar ta kasance, za su ce da wuya, shi ke nan. Tambayi me aka ci, a me aka ɗauki ruwa, wa ya ɗauki jariri, me aka yi da wanda ya rasu a hanya. Sannan ka bi rubutunka ka cire duk abin da bai zo ba a lokacin, roba da raksha da makamantansu.

Haka yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023. Wanda ya rubuta "yaƙi ya ɗaiɗaita mu" ya faɗi gaskiya, amma kowa ya riga ya sani. Lokacin da mutanen birnin Wad Madani suka kwararo garin nan a Disambar shekarar, na shiga wani aji da iyalai ke kwana a ciki. An ɗaura igiyar shanya daga taga zuwa ƙusar allo, kuma a allon akwai ragowar darasin lissafi da ba wanda ya goge. Wata tsohuwa ta jingine kaskon kisrarta a ƙarƙashinsa, shi ne abin da ta iya fitowa da shi. Irin wannan za ka nema. Sai dai amana: mutanen nan ba kayan rubutu ba ne. Nemi izini, sauya suna da kamanni, kuma abin da aka gaya maka a asirce ka bar shi inda aka ajiye.

Mataki na 10: Gwaji

Ajiye rubutun kwana biyu ko uku. Sannan ɗauki fensir ka ja layi a ƙarƙashin kowace kalmar da ke faɗin yanayi kai tsaye: baƙin ciki, farin ciki, tsoro, tausayi, kyakkyawa, mummuna. Cire su ɗaya bayan ɗaya ka sake karantawa. Inda wurin ya tsaya da ƙafarsa, bar shi haka. Inda ya faɗi, koma littafin aljihunka ka ɗauko hoto ka cike gurbin. Wani lokaci kalmar za ta ƙi cirewa, musamman a bakin wani tauraro, to a bar ta.

Daga nan karanta wa mutumin nan mai faɗin gaskiya, da murya, kada ka miƙa masa takarda. Kada ka tambaye shi ko ya yi daɗi, zai ce ma sha Allah don kara. Tambaye shi abu uku: a ina abin ya faru, me ya gani da ya tsaya masa a ido, me ya ji a ransa. In amsarsa ta uku ta yi daidai da kalmar da ka ɓoye a gefen takarda a mataki na 3, ka wuce zuwa fage na gaba. In ta saɓa, koma mataki na 4 ka sake zaɓen abubuwa ukun.